An Yi Allura, An Kuma Kamu: Laifin Wa?

A watan Disamba na 2021, lokacin da hunturu ya kankama, ana tsakiyar saran rake a Makarfi, manoman rani na Ikara da Kudan kuma suna fama da ban-ruwan tumatir, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta sanar da cewa annobar korona ta sake tasowa a Nijeriya karo na huɗu. Wannan karon wani sabon nau'in ƙwayar cutar ne ya ɓullo, wanda aka laƙaba wa suna Omikron. A ranar 24 ga Nuwamba Afirka ta Kudu ta kai rahotonsa ga Hukumar Lafiya ta Duniya, kafin 1 ga Disamba kuwa har an tabbatar da shigowarsa Nijeriya. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai game da shi shi ne bai bar waɗanda suka yi allurar rigakafi ba. Korona ta kama Shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa, a ranar 12 ga wannan wata, ta kuma kama Malam Garba Shehu, kakakin Shugaba Muhammadu Buhari, a ƙarshen watan, alhali dukansu biyu sun karɓi allurar.

Ga malamin makaranta a Hunkuyi, ko ma'aikacin sakatariya a Ikara, wannan labari ya zo da ɗaci, domin kuwa watanni biyu kacal kafin nan gwamnatin Jihar Kaduna ta shardanta wa ma'aikatanta shaidar allura kafin su shiga ofis. Mutum ya bi layi, ya miƙa damtse, ya kwana biyu da ciwon jiki, ya adana koren katinsa, sannan a wayi gari zazzaɓi da tari da kaikayin maƙogwaro sun kwantar da shi. Dole maƙwabcinsa da ya ƙi zuwa ya dube shi ya ce, “To Malam, ina amfanin allurar?” Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, kuma har yau ba a ba mutanen karkara gamsasshiyar amsarta ba. Gaskiyar magana ita ce allurar ta yi aikin da za ta iya, amma alkawarin da aka yi wa jama'a da sunanta ya zarce ƙarfinta.

Kafin a zargi mai tambayar, ya kamata a tuna inda Bahaushe ya samo fahimtarsa ta rigakafi. Dattawa da yawa a ƙasar Zazzau suna ɗauke da tabon lamba a damtsensu, wato shaidar rigakafin cutar agana da aka bi gari-gari ana yi tun daga 1967. Aikin ya yi nasarar da ba a taɓa ganin irinta ba, har a 1980 aka tabbatar da cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Haka kuma rigakafin ƙyanda, idan yaro ya samu sau biyu, yakan kare kimanin 97 daga cikin 100. Saboda haka a tunanin jama'a rigakafi ganuwa ce: wanda ya shige cikinta ya tsira har abada. Sai dai ba dukan ƙwayoyin cuta ne ke da hali irin na agana da ƙyanda ba.

Ƙwayar korona tana cikin jinsin da ake kira bairos, wato ƙwayoyin da ba sa iya hayayyafa da kansu sai sun shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum sun tilasta musu kwafo su. Umurnin da ake bi wajen ƙera kowace ƙwaya a rubuce yake cikin wani zare mai ɗauke da haruffan sinadari kusan 30,000. Duk ɗalibin da ya taɓa aron littafin abokinsa don ya kwafi darasi ya san abin da ke biyo baya: na farko ya tsallake harafi, na biyu ya kwafi kuskuren ya ƙara nasa, kafin littafin ya zagaye aji an sami darasi iri uku. To haka abin yake ga bairos, sai dai shi kwafinsa ba ya ƙirguwa, a jikin miliyoyin mutane, dare da rana. Mafi yawan kura-kuran ba su da wani tasiri, wasu ma sukan kashe ƙwayar. Amma jefi-jefi akan sami wanda ya ƙara mata saurin yaɗuwa, ko ya sauya mata kamanni. Irin wannan shi ke rinjayar sauran, ya zama sabon nau'i. Ta haka aka sami Delta, wanda aka tabbatar a Nijeriya a watan Yuli na 2021, sannan Omikron ya biyo baya.

A bayan ƙwayar akwai wasu ƙayoyi da take maƙalewa da su a jikin mutum, kamar yadda ƙarangiya ke kama gefen wando. Siffar waɗannan ƙayoyi ce allurar AstraZeneca da ire-irenta suke nuna wa garkuwar jiki, domin ta tanadi masu gadi a cikin jini, waɗanda masana ke kira antibodi, da za su gane ƙayar su toshe ta. Matsalar ita ce an tsara allurar ne bisa siffar ƙwayar farko da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Omikron kuwa ya zo da sauye-sauye sama da 30 a kan ƙayar kaɗai. Alal misali, kamar a ce an kwatanta wa mai gadi ɓarawo da jar hula, sai ɓarawon ya zo da rawani. Bugu da ƙari, yawan antibodi a jini yakan ragu bayan wasu watanni, kuma allurar da aka yi a damtse ta fi ƙarfafa tsaro a jini da huhu fiye da cikin hanci da maƙogwaro, inda ƙwayar ke fara sauka.

Da a nan labarin ya tsaya, da maƙwabcin Malam ya yi gaskiya. To amma wuce zaure ba shi ne shiga ɗaka ba. Garkuwar jiki tana da runduna ta biyu, wadda ake kira ƙwayoyin T, tare da wasu ƙwayoyi masu riƙe tarihin abokin gaba. Su waɗannan ba hula kaɗai suka haddace ba; sun san wasu sassan ƙayar da ba su sauya ba, kuma aikinsu shi ne su nemo ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga su hallaka su. Sai dai suna bukatar 'yan kwanaki kafin su yi shiri. Omikron yakan nuna alamunsa cikin kimanin kwana uku, ke nan yakan riga su, shi ya sa mutum ke jin zazzaɓi da tari. Ƙyanda kuwa takan ɗauki kwana goma zuwa goma sha biyu kafin ta bayyana, kuma kamanninta ba sa sauyawa ta yadda za ta ɓace wa antibodi, don haka akan tare ta tun ba ta yi komai ba. Abin da allurar korona ta fi iyawa shi ne hana cutar gangarawa huhu ta kai mutum ga neman iskar numfashi a asibiti, ko ga kabari. Wani nazari da masana na Kwalejin Imperial da ke Landan suka wallafa a 2022 ya kiyasta cewa a shekarar farko kaɗai allurar ta hana mutuwar mutane sama da miliyan 14 a duniya. Kiyasi ne na lissafi, ba ƙidaya ba, amma ko da an rage rabinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani lissafi da ya dace kowane malamin sakandare ya ɗora a kan allo, domin yana warware ruɗanin da ke kama har masu ilimi. A ƙaddara wani gari mai mutum 1,000, inda 900 suka yi allura, 100 ba su yi ba. A ƙaddara kuma cuta ta shigo, ta kwantar da 10 daga cikin kowane 100 na marasa allura, da 2 daga cikin kowane 100 na masu allura. Marasa allura da za su kwanta su 10 ne, masu allura kuwa 18. Wanda ya leƙa asibiti zai fito yana rantsuwa cewa masu allura sun fi yawa a kan gado, kuma bai yi ƙarya ba. Amma haɗarin wanda bai yi allura ba ya ninka na wanda ya yi sau biyar. Ido yana ganin waɗanda suka kwanta, ba ya ganin mutum 72 da allurar ta hana kwanciya, domin su suna gona ko suna kasuwa.

Arewacin Nijeriya ma ya taɓa ganin makamancin wannan tun kafin korona, a kan sanƙarau. Shi ba bairos ke kawo annobarsa ba, ƙwayar bakteriya ce mai dangi daban-daban da aka sa wa haruffa. Dangin A ne ya yi ɓarnar 1996, lokacin da mutane sama da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2011 aka shiga yi wa yara da matasa allurar MenAfriVac, dangin A ya kusan ɓacewa. Kwatsam a 2017 sai ga sanƙarau ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe sama da mutum 1,000. Dangin C ne wannan karon, wanda waccan allura ba ta san da shi ba. Masana ba su yi watsi da rigakafi ba saboda haka. Sun koma sun faɗaɗa shi, har a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare dangi biyar a lokaci guda.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin shakka. Mutumin da ke kai rake Tashar Yari ya ga an rufe kasuwa da masallaci a 2020, cinikinsa ya tsaya, amma bai ga gawarwakin da aka tsoratar da shi da su ba. Alƙaluman hukuma na waɗanda korona ta kashe a Nijeriya sun tsaya a 3,000 da 'yan kai. Gwaji ya yi ƙaranci, kuma yawan mace-macen dattawa da aka gani a Kano a watan Afrilu na 2020 ya nuna adadin ya fi haka, amma gaskiya ne cewa ƙasar da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba cutar ta zo mata da sauƙi. Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, wanda ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Sannan ƙasashe masu arziki sun riƙe allurar har ta kusa lalacewa kafin su aiko da ita, abin da ya sa a watan Disamba na 2021 aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a gaban 'yan jarida. Mutumin da ya ga duk wannan, aka kuma ce masa “yi allura ba za ka kamu ba”, sannan ya ga an kamu, ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi jahili.

Kuskuren masu wayar da kai shi ne sun ɗauka bayani mai “amma” a ciki ya fi ƙarfin mutanen ƙauye. Wannan raini ne. Manomin tumatir na Kudan da ya rayu cikin annobar tsutsar 2016 ya san cewa maganin feshin da ya yi aiki bara yana iya gazawa bana, kuma hakan bai sa ya daina feshi ba. Da an ce masa, “Wannan allura ba lallai ta hana ka kamuwa ba, amma za ta rage yiwuwar cutar ta kai ka asibiti, kuma mai yiwuwa a bukaci ƙari nan gaba,” da ya fahimta sarai, kuma da Omikron bai ƙaryata kowa ba.

A ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma shakkun da ta bari ba su tafi tare da ita ba, kuma ba manya ne za su biya bashin ba. A 2022 an kiyasta cewa yara sama da miliyan 2 a Nijeriya ba su taɓa samun ko allura ɗaya daga cikin na jarirai ba. Dalilan suna da yawa, daga nisan asibiti zuwa talauci da rashin tsaro, amma rashin yarda na cikinsu. Annobar mashaƙo da ta taso daga Kano a ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba, alhali ita allurarta tsohuwa ce, tabbatacciya, kuma kyauta ake yin ta. Uban da ya yanke hukunci cewa “duk allura ɗaya ce” saboda abin da ya gani a korona, ya haɗa cutar da ke sauya kamanni da wadda ba ta sauyawa.

A gidaje da yawa na Ikara da Makarfi da Kudan, ɗalibin sakandare shi ne ake miƙa wa katin asibiti a ce ya karanta. Shi ya fi kowa damar bambance wa iyayensa waɗannan abubuwa biyu, idan malaminsa ya bambance masa su a aji. A jikin katin ƙaninsa zai ga allurar da ta haɗa da ta mashaƙo a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata na 9, da ta biyunta a wata na 15, wadda iyaye da yawa ke mantawa da ita saboda yaro ya riga ya fara tafiya.