DAGA ZAURE: Haɗa Fim Ma Sai An Yi Lissafi

A watan jiya na yi kwana uku ina taya ɗan ƙanwata zaman dare a nan Nima, cikin birnin Ankara. Yaron yana koyon aikin fim, an kuma ba shi ranar da zai miƙa fim ɗin katun na minti 3, labarin Gizo da kura, in ba haka ba ya maimaita shekara. Saura kwana 5 sai ya ce mini, "Kawu, ai na gama zane, haɗawa kawai ta rage."

To, wannan "kawai" ita ta kusa kayar da shi. Duk wanda ya taɓa zama shagon tela daren Salla ya san yanka yadi daban, haɗa riga daban. Haka katun yake. Daji daban ake zana shi, Gizo daban, inuwarsa daban, hazo da hasken wata daban. Sai a jera su bisa juna a cikin manhaja irin su Blender ko After Effects, a daidaita launi, har ido ya yarda wuri ɗaya suke. A zamanin da, a kan ledoji masu haske ake zanen, a ɗora su bisa hoton bango a ɗauka da kyamara.

Sai muka zauna muka yi lissafi. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti 3 daƙiƙa 180 ke nan, wato hoto 4,320. Kwamfutarsa kuwa minti 2 take ɗauka kafin ta fitar da hoto guda. Jimla awa 144, kwana 6 cur. Ashe tun kafin ya fara ya riga ya makara.

Abu uku suka cece shi, ina kuma so ɗalibanmu su riƙe su. Na ɗaya, ya cire hazo da ƙyallin ruwa a inda labari bai buƙace su ba, hoto ya koma minti 1. Na biyu, ya yanke wani yanki na daƙiƙa 20 da ya fi ƙauna, yana kamar zai yi hawaye. Aiki ya dawo awa 64. Na uku, bai fitar da fim ɗin a dunƙule ba, sai hoto ɗai-ɗai mai lamba, irin na PNG. Daren biyu wuta ta ɗauke. Da a dunƙule ne da aikin ya lalace, amma da ta dawo sai ya ci gaba daga lambar da ya tsaya.

Ranar ƙarshe ya sa murya da kalangu, ya kalli fim ɗin a talabijin ɗin maƙwabta. Nan aka ga Gizo ba inuwa a wani wuri. Hoto 72 kaɗai ya sake, ya miƙa da la'asar.

Na tuna masa marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya rasu a 2015. Da hannu ya zana kwaɗinsa na fim ɗin Bon Voyage Sim a 1966, ba kwamfuta, har yau kuma ana kallonsa domin ya kammala shi. Fim ɗin da ya tsaya a cikin kwamfuta, komai kyansa, ba mai ganinsa.

Saboda haka ɗalibi ya gwada hoto guda tun farko, ya duba agogo, ya ninka. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya zuba wa allo ido cikin dare, kada a aike shi sayen koko, a kai masa. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.