Martani: Ba Riga Ke Tuƙa Jirgi Ba

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa abin da ya hana Yawuri ci gaba shi ne yawan ƙauyawa marasa wayewa, wai Gungawa da Kambari da masunta. Da alama daga cikin mota ya ga garin, gilashi a rufe.

Su waɗannan Gungawan da yake rainawa, tun kafin a san injin ban-ruwa suke noman albasa da rani a tsibiran Neja, suna ɗebo ruwa da ƙwarya, fangali bayan fangali, albasar kuma har kasuwannin Kudu take kaiwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibiran, aka tashi mutane sama da dubu 40 daga gidajensu. Wutar da ta haska birane, gonakinsu ne suka biya kuɗinta. Wa ke bin wani bashi ke nan?

Bari marubucin ya leƙa bakin ruwa a Yelwa ko Wara ranar kasuwa. Dattijon nan mai yagaggiyar taguwa, da ƙafa duk kaushi, yana jan carbi a kan buhu, sau da yawa shi ne mai jirgin da ake lodawa, kuma mai babbar rigar da ke tsaye kansa bashin kifi ya zo nema.

Ai ko Baturen nan Mungo Park, da bindigoginsa da taƙamarsa, a Yawuri ya rabu da ɗan jagoransa. Bai wuce duwatsun Busa ba.