"Ina da Uzuri": Tsakanin Sirri da Ƙarya a Bakin Ma'aikaci

Malamin kwantiragi da ke karantarwa a wani ƙauyen Kurfai, idan aka kira shi ganawar ɗaukar aiki a Yamai, tafiyar kimanin kilomita 180 ce a gabansa daga Filinge, ta hanyar Baleyara. Zuwa da dawowa kan ci kwana biyu ko uku. Kafin ya nemi kuɗin mota, sai ya fara neman kalmar da zai faɗa wa shugaban makaranta, kuma a nan ne da yawa kan yi tuntuɓe.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne rasuwa ko rashin lafiyar wani na gida. Dalilin haka a fili yake. Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta san izinin da ake bayarwa don sha'anin iyali, ta kuma ba wanda ke cikin wa'adin barin aiki lokacin neman wani. Wanda bai ajiye aikinsa ba tukuna, yana dai gwada sa'a ne, ba shi da sunan da zai kira tafiyarsa da shi. Saboda haka sai ya ari sunan mutuwa.

Wannan aro yana da tsada a ƙasar Kurfai. Kalmar "an yi mini rasuwa" takan ɗora wa mai ji nauyi: zai tambayi wanda ya rasu, zai yi addu'a, abokan aiki su haɗa gudummawa, wani ma ya ce zai bi sawu don ta'aziyya. A yankin da auratayya ta ɗinke ƙauyuka, ranar kasuwa ɗaya ta isa a gane cewa gyatumar da aka yi wa addu'a tana nan da ranta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan kuma ba a samu sabon aikin ba, mutum ya koma zama da waɗanda ya yaudara.

Alhali harshen Hausa ya tanadi mafita. Kalmar "uzuri" tana nuna akwai dalili mai nauyi ba tare da ta bayyana shi ba. Wanda ya ce, "Ranka shi daɗe, ina da wani uzuri a Yamai, in da hali a ba ni Litinin da Talata," bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. A ma'aunin da Grice ya fitar a 1975, ya rage yawan bayani, amma bai taɓa gaskiyar magana ba. Akwai kuma ladabi a ginin jimlar kanta. Wakilin suna "a" ya kauce wa nuna shugaba da yatsa, "in da hali" kuma ta bar masa ƙofar cewa a'a ba tare da kowa ya ji kunya ba. Irin wannan kare mutunci ne Brown da Levinson suka bayyana a littafinsu na 1987, Bahaushe kuwa da kara ya san shi.

Za a iya cewa shugaba yana da haƙƙin sanin dalilin da zai sa aji ya kwana biyu babu malami. Gaskiya ne yara ba su ci laifin kowa ba. Sai dai haƙƙinsu yana biyuwa ne idan mai neman izini ya yi magana da wuri, ya faɗi ranar dawowa, ya shirya wanda zai riƙe masa aji. Sanin inda ya nufa ba ya ƙara wa ɗalibi darasi ko ɗaya.

Nauyi na biyu yana wuyan shugabanni. Wanda ya amsa "ina da uzuri" da "wane irin uzuri?" ya rushe kalmar, ya tura na ƙasa da shi ga ƙirƙirar gawa. Malamin da ke kan kwantiragi shekara da shekaru bai ci amanar kowa ba don ya nemi inda zai tsaya da ƙafarsa. Ya kamata a tambaye shi yaushe zai dawo da kuma wa zai tsaya masa, sannan a ce Allah shi kiyaye hanya.