Ina Laifin Keke Da Fartanya?

'Yan'uwa ɗalibai, ku yi mana haƙuri, yau za mu sosa inda ke yi mana ƙaiƙayi baki ɗaya. Abin da ya jawo maganar kuwa ƙarami ne. A hutun da ya wuce na ƙarshen bazara, wanda ranar Litinin ta haɗe da Asabar da Lahadi, waɗansu daga cikinmu mun tafi gida. Da aka dawo, ana zaune wurin cin abinci kowa na ba da labarin yadda ya ci kwanakinsa uku, sai aka zo kanmu. Muka ce mun yashe lambatun ƙofar gida, mun yi wa katanga yaɓe kafin ruwa ya kankama, mun kai taki gona a bayan keke. Kafin mu rufe baki wuri ya kaure da dariya. Wani ya kama tafin hannun ɗayanmu yana nuna wa jama'a bororon da ya yi, wani ya ce ashe har yanzu jami'a ba ta wanke mana ƙauyanci ba. Mu ma muka yi yaƙe. Amma da muka koma ɗaki muka ga abin ya wuce raha, domin masu dariyar nan su ne gobe za su zama daraktoci da manyan sakatarori a ma'aikatun gona da lafiya da ayyuka.

Bari mu faɗi yadda ɗan jami'a yake cin hutunsa a gida, ba kuwa a bakin wani muka ji ba, mu ma mun yi. Yana idar da sallar asuba sai ya koma barci har hantsi. In ya tashi, damuwarsa ta fari ita ce inda zai sa wa wayarsa caji. Kafin nan mahaifiyarsa ta share tsakar gida, ƙanwarsa ta cika randuna, mahaifinsa mai shekara sittin ya ɗaura fartanya a kariyar keke ya nufi gona. In lambatu ya toshe har wari ya hana zaman zaure, sai a kira almajiri, yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, ya shiga da hannu da ƙafa, a sallame shi da ragowar tuwo. Malam ɗan jami'a yana tsaye daga nesa ya toshe hanci, yana nuna masa inda bai fita ba. Wannan mutumin ne zai dawo makaranta ya miƙe a taron ƙungiya yana ta da jijiyar wuya a kan 'yancin talaka. In za shi gaida kawunsa a unguwar da ba ta fi tafiyar kilomita biyu ba, wurin tsohuwa zai karɓi kuɗin A Daidaita Sahu, alhali ga keken ƙanensa jingine a zaure. Assha!

Da ba haka abin yake ba. Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin da keke yake abin taƙama, lokacin da malamin makaranta da malamin gona da duba-gari da akawun En'e suke zaga ƙauyuka a kan Raleigh ko Hercules, ana jin ƙararrawa ana ba su hanya. Har masana'antar harhaɗa keken Raleigh aka yi a Kano. Sai kuɗin man fetur ya zo. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, a 1975 aka zuba wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, a wannan shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Tun daga nan aka fara auna ilimin mutum da abin da yake hawa. Keke ya koma alamar wanda bai samu ba, fartanya ta koma abin tsorata yaro: in ba ka yi karatu ba, noma za ka yi.

Ba a je ko'ina ba gwamnati ta ga ɓarnar da aka yi, don ƙasar da ta tara dalar gyaɗa ta koma sayo abinci daga waje. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya shuka wani abu a bayan gidansa, ya yi kiwon kaji, har ɗaliban jami'a aka tura karkara a dogon hutu ana biyansu alawus. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin na bunƙasa noma. A 1984 soja suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda daga baya ya zo da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ku duba da kyau: sai da alawus ɗan boko ya riƙe fartanya, sai da bulalar soja ya riƙe tsintsiya. Da alawus ya ƙare, bulala ta kau, kowa ya yar. Mu da muka zo daga baya kunyar kawai muka gada, ba mu gaji kuɗin da ya haife ta ba.

Wannan shi ne abin takaicin. A safiyar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne. To, ƙaramin ma'aikaci mai karanta wannan mujalla ya zauna ya yi lissafin abin da kuɗin mota ke ci a albashinsa, sa'an nan ya gaya mana abin da ya hana shi hawan keke in ba tsoron bakin masinjan ofis ba. Keke ba ya shan komai sai iska da ɗigon mai a sarƙa. In ƙaya ta huda taya, ga mai faci a gindin bishiya. Girman kai, in ji Hausawa, rawanin tsiya, mu kuwa har kuɗi muke biya a naɗa mana shi kowace safiya.

Mun san abin da za a ce. Za a ce gwamnati ta ƙuntata wa jama'a, mu kuma mun zo muna yi wa talauci kirari. Ko kusa. Ba mu yafe wa kowa tsadar mai ba, ba kuma mu yarda babban mutum ya leƙo daga mota mai sanyi ya ce talaka ya hau keke ba. Za a ce hanyoyin birni ba su da wurin mai keke, wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Marigayi Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, shi da kansa ya hau a Abuja, wata motar bas ta tura shi cikin rami, ƙasa ta yi ta dariya. Amma wa yake zana hanyoyin nan? Injiniyan da ya fito daga irin ajujuwan da muke zaune ciki, wanda rabonsa da feda tun yana firamare, wanda bai taɓa jin iskar tirela ta kaɗa shi a gefen kwalta ba. Wanda yake ganin mai keke ba mutum ba ne, yaya zai bar masa taku uku a gefen titi? Masu kukan zafin rana kuwa, iyayenmu da sassafe suke fita, su dawo da la'asar, ba su narke ba.

'Yan'uwanmu mata ba da ku muke ba. Tsintsiyar nan tana hannunku tun kuna 'yan shekara bakwai, digiri kuma bai karɓe ta ba. In akwai bashi a maganar nan, ku kuke bin mu.

Aikin tsakar gida ma ba ado ba ne. Ruwan da ya kwanta a lambatu, ko a tsohuwar taya, ko a fasasshen tulu bayan ɗaki, cikin kwana goma ko kusa da haka yake mayar da ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo, Nijeriya kuwa ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Indararon da ba a gyara ba a watan Mayu, shi ne yake jiƙa katangar ƙasa har ta faɗa wa masu barci a watan Agusta. Ɗalibin likita ya san na farko, ɗalibin gine-gine ya san na biyu, sun ma rubuta a jarrabawa sun ci. Shebur ne kawai ba su san inda ake ajiye shi a gidansu ba.

Kada a ɗauka mun dawo ne muna yabon kanmu. Yaɓen da ɗayanmu ya yi sai da maginin unguwa ya sake rabinsa, yana yi yana dariya, wai an cika wa ƙasar ruwa, an yi mata rowar ramno. Wani kuma buhun takin ya rinjaye shi a cikin yashi, shi da keken suka kwanta, yara na yi masa sannu. Ranar Lahadi da ƙyar muka iya ruku'u saboda ciwon baya. Amma a kwana ukun nan mun ji kuɗin buhun takin zamani daga bakin masu saye, mun ga inda zaizayar ƙasa ta cinye hanyar gona har jaki ba ya bi, mun ga gonakin da aka yanka filaye, abubuwan da shekara uku muna wuce su a mota ba mu gani ba. Mun dasa zogale, mun gyara wurin kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Mahaifin ɗayanmu bai ce uffan ba, amma kashegari da asuba ya tarar an riga an sa wa keken iska, an jingine masa a bakin ƙofa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu, muna da buƙata guda biyu, ba kuwa sai an kafa kwamiti ba: a nema mana rumfar ajiye kekuna mai gadi kusa da ɗakunan kwana da ɗakin karatu, a kuma ba mai faci wurin zama a cikin makaranta. Kuɗin da ake kashewa a liyafar dare ɗaya ya isa. Masu dariya kuwa, shafin nan a buɗe yake, su rubuto su gaya mana abin da suka yi da nasu kwana ukun, da kuma wanda ya yashe lambatun gidansu. Mu dai hutu mai zuwa ya faɗo daidai noman firi, mun riga mun aika gida a sa wa fartanyar sabuwar ƙota.