Muna dakon kayan miya, muna kwana da miyar dunƙule

Ƴan uwa ƴan kasuwa, yau maganar tamu ba ta duwan ba ce, ba ta canjin naira da sefa ba ce kuma. Maganar tukunya ce, tukunyar da ake ɗorawa a gidajenmu bayan magariba ranar Talata ko Laraba, ranar da babu suna, babu biki, babu baƙo.

Duk wanda ke bin hanyar Ƙonni zuwa Illela, ko Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ya san irin kayan lambun da ke ratsa hannunmu. Albasar Galmi mu ke loda ta a kamiyo ta tafi har Akra da Abijan. Tattasan Diffa mu ke auna shi buhu-buhu. Zogalen Jiratawa, tumatir, kabeji, kabewa, yalo, duk ta gabanmu suke wucewa. To amma a shiga gidan ɗan kasuwar nan da dare a buɗe tukunya. Sau da yawa abin da za a tarar shi ne ruwa, da garin kuka, da tumatirin gwangwani cokali guda, da dunƙule uku ko huɗu. Hausawa dai sun ce in gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, mu kuwa mun juya maganar.

Laifin ba na matan gida ba ne, kada ma wani ya fara. Mu maza muna karyawa da shayi da burodi a tasha, da rana mu ci shinkafa da nama wurin mai abinci, da la'asar mu tsaya wurin mai tsire. In mun dawo gida cikinmu ba ya kuka, shi ya sa ba mu damu da abin da ke cikin kwanon yara ba. Kuɗin cefanen da muke ajiyewa da safe bai motsa ba shekara da shekaru, alhali mu da kanmu mun fi kowa sanin yadda farashi ya motsa, tun da mu ke motsa shi.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa a fili ba, wato kunya. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a jihar Maraɗi ba su manta ba. Hatsi na nan jibge a kasuwa amma ya fi ƙarfin talaka, mata suna fita daji neman tafasa da sauran ganyaye don a samu abin sa wa yara a baki. Tun daga nan, ko ma tun kafin nan, ganye ya zama a idon wasunmu alamar babu. Mutum in ya ɗan samu, sai ya ga ai gidansa ya wuce cin yakuwa da rama, sai taliya da gwangwani. Wannan tunani ne muke ganin ya kamata mu ajiye. Yunwa ce ta wulaƙanta mutane a wancan lokaci, ganyen kuwa shi ya riƙe su har kaka ta zo.

Kuma iyaka ta koya mana darasi sau biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe tsakanin Najeriya da Nijar. Kowa ya tuna yadda kayan shago suka yi tashin gwauron zabi, ciniki ya tsaya, bashi ya taru. Abin da bai tsaya jiran jandarma ko takardar duwan ba shi ne alayyafon fadama da kabewar bayan gida.

Sai maganar dunƙule. Ba mu ce a haramta shi ba, da yawanmu ma da shi muke cin abinci tun da muna sayar da shi. Amma kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne, kuma bayan an jefa shi a tukunya sai a ƙara gishiri a kai. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Ku duba rumfunan da ke kusa da ku, ku ƙirga abokan da likita ya gaya wa suna da hawan jini. Iyayenmu da daddawa suke miya, ta kalwa ko ta batso, da ɗan busasshen kifi, kuma ba mu taɓa jin wanda ya mayar da kwano ba.

Za a ce ina lokaci? Gaskiya ne, musamman ga ƴan uwanmu mata da su ma suke wuni a kasuwa, su dawo a gajiye, ga tsadar itace da gawayi. Amma miyar da muke magana ba ta sallah ba ce. A soya albasa cikin ɗan man gyaɗa ko manja, a zuba jajjagen tumatir da tattasai da daddawa, a tsaida ruwa. A yanka kabewa ƙanana don ta yi saurin nuna, a bar ta ta narke, a zuba dakakkiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli don miya ta yi kauri. Alayyafo da yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe su, domin ganyen da aka bari ya daɗe a wuta ko aka cika masa kanwa ya rasa wani ɓangare na amfaninsa. Taushe ke nan, ba nama, kuma kafin a gama tuƙa tuwo ta haɗu. A dai wanke ganyen sosai kafin a yanka shi, don mun san irin ruwan da wasu lambuna ke sha da maganin ƙwarin da ake fesawa.

Rabon aikin kuwa namu ne mu maza mu ɗauki kasonmu. Da yamma, lokacin da kasuwa ke watsewa, masu kayan gwari suna karya farashi don kada kaya su kwana su lalace. Mu ke wurin a daidai wannan lokaci, matan gida ba sa nan. Kuɗin tsire tsinke biyu zai cika leda da ganye da yankin kabewa. Wani abokinmu mai sayar da atamfa ya ce shi kam ba zai ratsa unguwa da ƙullin alayyafo a bayan babur ba, kada a ce ya karye. Muka tambaye shi ko da ya ratsa unguwar da ledar magungunan hawan jini a watan jiya wani ya yi masa dariya. Bai ba mu amsa ba, amma ranar Juma'ar da ta biyo mun hange shi a layin masu kabewa yana taya rabi.