Jita-jitar PlayStation 6 da makomar gidajen gem na Rikkos

Masu bibiyar harkar wasannin bidiyo a duniya sun shiga zaman jiran tsammani, kowa na hasashen shekarar da kamfanin Sony zai fito da PlayStation 6, da kuma lokacin da Microsoft zai biyo da sabuwar Xbox. Wasu na cewa ƙarshen 2027, wasu kuma na cewa sai 2028 ko bayanta. Mai karatu da ke zaune a sakatariyar tarayya yana fama da fayil da lissafin albashi zai iya ɗaukar batun a matsayin hirar ’ya’yan masu hali. Ra’ayina shi ne lamarin ya shafi aljihun talaka da sana’ar matasa, kuma babu inda za a fi ganin haka ƙarara kamar unguwa irin Rikkos da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa.

Hasashen yana da tushe. Sony ya fitar da PlayStation ta farko a Japan a watan Disambar 1994, ta biyu a 2000, ta uku a 2006, ta huɗu a Nuwambar 2013, ta biyar kuma a Nuwambar 2020. Tazarar shekara shida zuwa bakwai ke nan, abin da ke kai lissafi zuwa 2027. Takardun Microsoft da suka bayyana a 2023, lokacin shari’arsa da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka kan sayen kamfanin Activision Blizzard, sun nuna 2028 a matsayin shekarar da kamfanin ke tsara sabon zubi. A watan Yunin 2025 Microsoft ya sanar da yarjejeniya da kamfanin AMD domin ƙera ƙwaƙwalwar na’urorinsa masu zuwa, a watan Oktoban shekarar kuma Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya yi bayanin wasu fasahohi da ya ce za a gani a wata na’ura nan da ’yan shekaru. Shi kuwa Nintendo ya riga ya sauke nasa nauyin, domin Switch 2 ta shiga kasuwa ranar 5 ga Yunin 2025, shekara takwas bayan ta farko.

Wannan kalandar mutanen Tokyo da Landan ce. Kalandar Rikkos tana tafiya ne a baya da zubi ɗaya ko biyu. Mutanen Abuja ba su cika jin sunan unguwar ba sai in wani abin baƙin ciki ya faru, kamar ambaliyar watan Yulin 2012 da ta ci rayuka da gidaje. Amma wanda ya san lungunanta ya san akwai wata ƙaramar sana’a da ke ci a cikinsu, kamar yadda take ci a Gangare da Unguwar Rogo da Bauchi Road: gidan gem. Shago ne ɗan madaidaici, da benci, da talabijin biyu ko uku, da janareta a bakin ƙofa, yara da samari na biya suna buga ƙwallo wasa-wasa. Mai shagon bai taɓa sayen na’ura a ranar fitowarta ba. Yana jira ne har Turawa su gaji da tasu su sayar, ta shigo ta Legas a matsayin tokumbo, ta bi ta kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, sannan ta hauro Filato. Saboda haka ranar fitowar PlayStation 6 tana da ma’ana ta daban a wurinsa: ita ce ranar da yake fatan PS5 ta hannu za ta fara araha, kuma ita ce ranar da za a fara ƙirga kwanakin da suka rage wa PS4 ɗin da yake ci da ita.

Shekaru kusan talatin wannan tsani yana aiki, domin farashin na’ura yana sauka ne yayin da take tsufa. PS2 ta fito a Amurka a kan dala 299 a shekarar 2000, ta koma dala 199 a 2002, ta kai dala 99 a 2009, kuma ba a daina ƙera ta ba sai bayan shekara goma sha biyu, bayan an sayar da fiye da miliyan 155. PS4 ta fara da dala 399 a 2013, zuwa 2016 ta koma 299. Idan sabuwa ta sauka haka, ta hannu sai ta zama abin da matashin da ya tara ’yan kuɗi daga acaɓa ko ɗinki zai iya saye ya buɗe shago.

A wannan zubin ne tsanin ya karye. PS5 ta fito a kan dala 499 a 2020. Maimakon ta sauka, sai Sony ya ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe a Agustan 2022, ya kuma kai ta kusan dala 550 a Amurka a Agustan 2025, tana da kusan shekara biyar a kasuwa. PS5 Pro da ta fito a Nuwambar 2024 ta zo a kan kusan dala 700, kuma babu maɗaukin faifai a jikinta sai an saya daban. Microsoft ma ya ƙara farashin Xbox sau biyu a Amurka cikin 2025. Dalilan a bayyane suke: kuɗin ƙera ƙananan sassan ƙwaƙwalwa ya daina raguwa kamar da, harajin shigo da kaya ya ƙaru a Amurka, sannan manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawure sassan ajiyar bayanai daga kasuwa, lamarin da ya cilla farashinsu sama tun ƙarshen 2025. Wannan ne ma ya sa wasu masu sharhi ke ganin sabon zubin zai iya jinkiri, in kuma ya zo, zai zo da tsada.

A ɗora wannan a kan halin da naira ke ciki. Kafin a sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Idan aka lissafa dala 550 a kan naira 1,500, an samu naira 825,000, tun kafin a saka kuɗin jigila da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma’aikacin da ke matakin ƙasa zai haɗa albashin kusan shekara guda bai ci ba bai sha ba kafin ya kai ga na’ura ɗaya. In haka abin yake ga mai albashin tarayya, ina ga yaron Rikkos da ke tara jari da kuɗin wasa ɗai-ɗai?

Tsada ba ita kaɗai ba ce. Kamfanonin suna janye jiki daga faifai suna komawa ga saukewa ta intanet. Faifai kaya ne: ana sayar da shi, ana ba da aronsa, ana musanya shi, yana iya ratsa hannu goma daga Birmingham zuwa Jos. Wasan da aka sauke kuwa yana ɗaure ne da asusun wanda ya saya, ba shi da kasuwar gwanjo. Wasan ƙwallo guda na zamani yana cin gigabait da dama kafin a fara buga shi, ga sabuntawa da ba ta ƙarewa, ga biyan kuɗi da katin da ke karɓar dala. Gaskiya ne cewa gidajen gem da yawa sun daɗe suna rayuwa da kwafin wasanni da ba a biya masu su ba, kuma babu mai kare wannan. Sai dai rufe ƙofar satar fasaha abu ne daban da rufe ƙofar cinikin kayan hannu na halal, kuma sabon tsarin yana rufe su ne tare.

Sai batun wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowace awa da janareta ya yi yana aiki tana cinye ribar mai shago. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kai wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama sun kwashe kwanaki a duhu. Na’urar zamani da babban talabijin ɗin da take buƙata sun fi tsohuwar PS2 jan wuta nesa ba kusa ba, kuma ba sa jure hawa da saukar lantarki.

Za a ce, to, in gidajen gem sun mutu sai me? Iyaye da malamai da yawa na kallonsu a matsayin wurin ɓata lokaci, inda yaro ke guje wa makarantar boko da ta Islamiyya, wani lokaci har ya ɗauki kuɗin cefane. Wannan koke yana da ƙamshin gaskiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019. Amma a tambayi abin da zai maye gurbin shagon idan ya rufe. Yaron ba zai koma laburare ba. Zai koma kan wayar hannu shi kaɗai a ɗaki, inda babu mai shago da zai kore shi lokacin sallah ko lokacin makaranta, inda kuma manhajar caca ke nesa da shi da taɓawa ɗaya. Ko ya koma shagon caca, inda ake zuba kuɗi a kan ƙwallon da kwamfuta ke bugawa. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwambar 2024 da ya hana dokar caca ta ƙasa ta 2005 aiki a jihohi, kula da wannan harka ya koma wuyan gwamnatocin jihohi, kowace da irin ƙarfinta. Gidan gem yana a fili, ana iya sa masa ƙa’ida, ana iya riƙe mai shi. A gari irin Jos, wanda rikice-rikice tun daga 2001 suka raba unguwanninsa gida-gida, duk wani benci da zai zaunar da samari su yi gardamar Arsenal da Chelsea cikin raha bai cancanci raini ba.

Akwai kuma abin takaici a tarihin wurin. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a tsaunukan Filato, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbayit. Faɗuwar farashin kuza a 1985 ta durƙusar da manyan kamfanonin haƙa, ta bar kududdufai da ramuka da har yau suke cin rayuka. A yau kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita tana tafiya ne wajen liƙe sassan kayan lantarki, wato irin allon da ke cikin kowace PlayStation. Ƙasar da ta daɗe tana ba da ma’adinin ita ce ta ƙarshe a layin karɓar na’urar, kuma a wurinta na’urar ke mutuwa ta zama shara mai guba a bakin rafi.

Me ya rage ga masu riƙe da alƙalami a Abuja? Abu na farko, ingancin kayan hannu. Duk sauyin zubi yana zuwa da ambaliyar tsofaffin na’urori daga Turai da Amurka, masu rai da matattu a kwantena ɗaya. Hukumar NESREA tana da ƙa’idojin kayan lantarki tun 2011. Ya kamata ita da Hukumar Kwastam su shirya tun yanzu, a tabbatar mai aiki ce ke shigowa, kuma masu shigo da ita su ɗauki rabonsu na kwashe ta in ta mutu.

Na biyu, gyara. Muddin sabuwa ta gagara, tsohuwa sai ta daɗe. Sony ya bayyana a 2024 cewa kusan rabin masu kunna na’urorinsa a kowane wata har lokacin suna kan PS4, kuma wasan ƙwallo na EA Sports FC 26 ya fito mata a 2025. Saurayin da ya iya canza mashigar waya ko fankar na’ura ko gyara abin sarrafawa ya riga ya yi rabin hanyar zama ƙwararren mai gyaran lantarki. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku da Ma’aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga manhaja. A buɗe wa masu gyara ƙofa, a ba su takardar shaida, a kai horon cikin unguwanni.

Na uku, ƙirƙira. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa duk a Jos suke. Masu zane da masu haɗa sauti da marubuta labari su ne ainihin ma’aikatan da masana’antar wasan bidiyo ke buƙata, kuma kamfanoni irin Maliyo Games na Legas sun nuna ana iya ƙera wasannin waya da labaran gida. Shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 an kafa shi ne domin fasaha da ƙirƙira. Babu dalilin da zai sa kuɗinsa su tsaya a Legas da Abuja, alhali dara da langa da dambe suna nan suna jiran mai mayar da su wasan waya da Hausa.

Na huɗu na jiha ne da ƙaramar hukuma, amma tarayya na iya ba da samfuri: a yi wa gidajen gem rajista mai sauƙi, a hana karɓar yara a lokacin makaranta, a haramta caca a cikinsu, a kuma dakatar da masu karɓar haraji barkatai da ke tatsar mai shago.

Sony da Microsoft za su sanar da ranarsu lokacin da lissafinsu ya cika, ba tare da sun tuntuɓi kowa a Filato ba. Abin da ke hannunmu shi ne ’yan shekarun da suka rage kafin ranar. Ma’aikatun da abin ya shafa suna iya amfani da su wajen shirya tashoshin shigo da kaya, da horar da masu gyara, da tallafa wa masu ƙirƙira. In ba a yi ba, sabon zubi zai zo ya tarar da shagunan Rikkos a rufe, samarinsu kuma sun koma layin caca.