Shin Harry Potter Abin Koyi Ne Ga Matasa?

Sunan Harry Potter ba baƙo ba ne a wurin samarin da ke zama shagunan masu tura fina-finai a waya, ko a Gwarzo ne ko Getso, ko Kabo ko Garo. Wasu sun kalli fina-finan guda takwas da aka yi tsakanin 2001 da 2011, 'yan ƙalilan da suka yi sakandare da kyau sun leƙa littattafan guda bakwai da wata Baturiyar Ingila mai suna J.K. Rowling ta rubuta daga 1997 zuwa 2007, waɗanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 500, aka kuma fassara su cikin harsuna fiye da 80. Idan maganarsa ta taso a majalisa, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce ai matsafi ne, magana ta ƙare. Wasu kuma su ce jarumi ne, su shiga lissafa dodannin da ya kashe. Alal haƙiƙa duka ɓangarorin biyu sun bar inda gizo ke saƙar, domin abin da zai iya shiga jikin saurayin Gwarzo daga wannan labari shi ne halin yaron. Sanda ba za ta taɓa fitar da wuta a hannun kowa ba, amma hali yana naso.

To wane ne shi? Maraya ne. Yana ɗan shekara guda wani azzalumin matsafi mai suna Voldemort ya kashe uwarsa da ubansa, shi kuma ya tsira da tabo a goshi. Aka kai shi gidan yayar mahaifiyarsa, inda ya shekara goma yana kwana a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, yana sa kwancen kayan ɗan masu gida, ana cin mai kyau a gabansa a ba shi saura. Sai da ya kai shekara 11 aka zo aka ɗauke shi zuwa makarantar kwana ta Hogwarts. Duk wanda ya san yadda agola ko ɗan riƙo yake rayuwa a wasu gidaje na ƙasar nan, ba sai an fassara masa wannan sashe ba. Akwai masu kwana a zaure da soro waɗanda ba wata wasiƙa da za ta zo ta cece su, alhali Manzon Allah (S.A.W.), wanda shi ma cikin maraici ya tashi, ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna.

Adalci ya wajaba ko da a kan ƙagaggen mutum ne, don haka sai a faɗi alherinsa tukuna. Wulaƙancin da ya sha bai mayar da shi mugu ba. Ranar da ya fara tafiya makaranta da kuɗi nasa na kansa, a cikin jirgin ƙasa, ya sayi kayan zaƙi ya raba da Ron, ɗan gidan talakawa, kuma a wannan rana ɗan masu kuɗi mai suna Malfoy ya miƙo masa hannun abota bisa sharaɗin ya rabu da talakan, ya ƙi karɓa. Yana shekara 13 ya sami mutumin da ya ci amanar iyayensa har aka kashe su, a durƙushe a gabansa, manya biyu suna shirin gamawa da shi, yaron ya hana, ya ce a miƙa shi ga hukuma. Yana shekara 14 aka kashe abokin gasarsa Cedric a kan idonsa, ya ɗauko gawar cikin ruwan masifa ya kawo wa uban, kuɗin gasar da aka ba shi kuma ya kyautar da su duka.

Amma wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne kabarin Dobby. Wannan Dobby wata ƙaramar halitta ce da ake bautarwa a gidan su Malfoy, wadda kowa ke harbi da ƙafa. Harry ya yi dabara ya 'yanta shi, shi kuma bayan shekaru ya ba da ransa wajen ceton Harry. Da aka zo binne shi, yaron da ke iya tona rami da kaɗa sanda sau ɗaya ya ajiye sandar, ya ɗauki shebur ya haƙa kabarin da hannunsa har ya yi kanta. A lura da kyau: a duk wuraren nan da aka lissafa, ba inda sihiri ya yi masa aikin. Kyauta ce da afuwa da riƙon amana da girmama na ƙasa, kuma ba wanda yake buƙatar zuwa Hogwarts kafin ya same su. Suna nan cikin Ahlari da Ishmawi da tarbiyyar tsakar gida ga wanda ya sa kunne.

Sai kuma aibinsa, wanda masu yabonsa ba su cika son a taɓo ba. Yaron nan yana da zafin zuciya, yana da gaggawa, kuma idan ya ƙi mutum to ya rufe kunnensa daga gare shi ke nan har abada. Littafi na biyar shi ne ya tona wannan asiri. An gano cewa Voldemort yana iya kutsawa cikin tunaninsa ya nuna masa abin da ya ga dama, sai shugaban makarantar, Dumbledore, ya sa wani malami mai suna Snape ya koya masa yadda zai toshe wannan kafa. Harry ya tsani Snape, saboda haka bai yi bitar darasin ba ko kaɗan, ƙarshe ma ya leƙa sirrin malamin ba da izini ba, aka kore shi daga darasin. Ana nan, ranar jarrabawa, sai aka nuna masa a mafarki cewa ga Sirius Black can a Landan ana azabtar da shi. Sirius aminin mahaifinsa ne, shi ne kaɗai ya rage masa a matsayin uba. Abokiyar karatunsa Hermione ta roƙe shi ya tsaya ya tabbatar, ta gaya masa a fuskarsa cewa yana da cutar son ya zama shi ne mai ceto, kuma maƙiyinsa ya san da haka. Ya hau ta da faɗa. Binciken da ya yarda ya yi na jeka-na-yi-ka ne: ya tambayi bakin mutum guda, wani bara da ke ƙullace da Sirius, baran kuwa ya shirga masa ƙarya. Nan take ya kwashi yara biyar 'yan uwansa ɗalibai, cikin dare, suka faɗa tarkon da aka ɗana musu. Aka karya wannan, aka sumar da waccan. Sirius da ke zaune lafiya a gida ya ji labari ya taso ceton su, a nan aka kashe shi.

Ya ɗan uwa mai karatu, a sake duba wannan jeri: labari ya zo, ba a san tushensa ba, zuciya ta ɗau zafi, mai cewa a dakata ya zama matsoraci, aka fita da makami, aka dawo da gawa. Shin wannan tatsuniyar Turawa ce kawai? A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wasu mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, wani ya yi ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu, akasari 'yan jihar Kano. Da yawa daga waɗanda suka yi wannan ta'asa, a ransu ceton garinsu suke yi. Kuma kada wani ya ɗauka wannan cuta ta mutanen Kudu ce su kaɗai. Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma a ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. A irin wannan yanayi na ɗar-ɗar, saƙon murya guda a WhatsApp ya isa ya tayar da unguwa, baƙon da ya sauka a tasha da yamma ya zama ɗan leƙen asiri kafin a ji ta bakinsa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, kuma kowane ɗan Islamiyya ya haddace ta. Haddar ce ke da sauƙi. Ranar da jini ya hau ake gane wanda ya karanta.

A nan manya ma suna da nasu kason. Dumbledore da bakinsa ya amsa cewa shi ya ɓoye wa yaron gaskiyar abin da ake ciki shekara guda cur, yana kauce masa, har ya bar shi yana lalube cikin duhu. Malamin da ke amsa kowace tambayar matashi da tsawa, ko uban da ba ya zama da ɗansa sai ranar faɗa, su sani cewa yaron zai nemi amsa a wani wuri, kuma waya ba ta korar mai tambaya.

Abin da ya fi zama haɗari shi ne yadda marubuciyar take lallaɓa jaruminta. Sau da yawa yakan karya doka, ƙarshe kuma a tafa masa. A ƙarshen littafi na farko, shi da abokansa biyu sun fita cikin dare sun shiga inda aka haramta wa ɗalibai. Wani yaro mai sanyin hali, Neville, ya tare ƙofa ya ce ba za su fita ba, suka sandarar da shi suka tsallake. Da aka zo rabon maki, Harry ya sami 60, abokansa 50 kowanne, shi kuwa Neville da ya tsaya kan doka shi kaɗai a gaban abokansa aka ba shi 10. Saurayin da ya sha irin wannan labari tun yana ƙarami zai iya tashi da jin cewa shi zaɓaɓɓe ne, doka ta sauran mutane ce, kuma tunda niyyarsa mai kyau ce to duk abin da ya yi daidai ne. A littafi akwai marubuciya da ke gyara wa jarumi ƙarshen labari. A kan titin Gwarzo zuwa Dayi babu ita.

Game da sihirin kansa, magana ba ta da tsawo. Labaran aljanu da abubuwan al'ajabi ba yau Bahaushe ya fara karanta su ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 yake hannun 'yan makaranta, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kuma ba a ji wanda ya bar Sallah saboda su ba. Inda Harry Potter ya bambanta shi ne ya mai da sihiri darasin aji, ya raba shi gida biyu, na kirki da na mugunta. Musulunci bai san wannan rabo ba. Aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta bayyana koyonsa a matsayin abin da ke cutarwa ba ya amfanarwa, hadisin Bukhari da Muslim kuma ya jera shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, dab da shirka. Sai dai wanda ke zagin yaron fim saboda mayafinsa mai ɓatar da mutum, alhali shi yana neman layar zana ko baduhu, ko ya sha tauri don fita farauta ko yawon siyasa, to ya san nasa ne na gaske, wal iyazu billahi. Har ma labarin ya ba irin waɗannan misali. A littafi na shida Harry ya tsinci wani tsohon littafi da rubutun hannu a gefensa, ya ga wata kalma da bai san aikinta ba, ya riƙe ta a ka. Ranar da faɗa ya haɗa shi da Malfoy ya jefa masa ita, sai ga ƙirjin yaro ya tsage jini na malala, da ba don Snape ɗin nan da ya tsana ya iso ba da ya yi kisan kai yana shekara 16. Haka mai karɓar ƙulli daga hannun boka yake, bai san abin da aka naɗe masa ba.

Wasu za su ce a hana kawai a huta. An gwada. A watan Disamba na 2001 wani coci a jihar New Mexico ta Amurka ya cinna wa littattafan wuta, a 2002 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana su a makarantu masu zaman kansu, ba abin da ya rage na cinikinsu. A Kano ma an ƙona littattafan soyayya na Hausa a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, labaran suka koma cikin waya inda ashana ba ta kaiwa. Abin da ya fi amfani shi ne yayan da ya ga ƙanensa na kallo ya zauna kusa da shi, idan an zo wurin mutuwar Sirius ya tsayar da fim ɗin ya tambaye shi: wa ya jawo wannan?

Akwai kuma wani abu da masu fim suka cire, wanda sai mai karanta littafin zai sani. Watanni kafin wannan dare, Sirius ya damƙa wa Harry wani ƙunshi, ya ce ya yi amfani da shi duk lokacin da yake buƙatarsa. Madubi ne, wanda in ya kira sunan Sirius a cikinsa za su ga juna su yi magana nan take. Harry ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba zai taɓa amfani da shi ba don kada ya jefa Sirius cikin haɗari, bai ko kwance ƙunshin ya ga mene ne ba, ya cusa shi ƙasan akwati ya manta. Sai bayan an kashe Sirius, yana haɗa kayansa zai tafi hutu, ya ci karo da shi, ya kwance, ya yi ta kiran sunan mamacin a cikin madubin, ba wanda ya amsa.